Hutun hunturu a Zariya: kwana biyu, yara da Dutsen Kufena

 Makarantu sun kusa ba da hutun ƙarshen shekara, kuma kin san yadda abin yake. Ranar farko murna, rana ta uku faɗa a kan rimot, kafin mako ya zagayo wayarki ta koma hannun yara. A cikin wayar ne suke ganin 'ya'yan wasu ƙasashe cikin manyan rigunan sanyi suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, sai ki ji an ce, "Umma, mu yaushe za a kai mu?"

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Najeriya. Mai son wannan wasa a Afirka sai ya je Maroko, inda tsaunin Ukaimedan yake kimanin kilomita 75 daga birnin Marakish, ko Lesoto, inda sanyinsu ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta. A Dubai kuma ƙanƙarar inji ce aka shimfiɗa cikin wani babban kanti tun 2005. Ko'ina cikinsu sai da jirgi da kuɗi masu kauri. To amma me iyayen can suke saya wa 'ya'yansu da wannan kuɗi? Iska mai sanyi, gajiyar da ke sa barci mai daɗi, da koyon abin da jiki bai taɓa yi ba, yaro ya ji tsoro, ya daure, ya iya. Wannan kuwa dutse ma yana koyar da shi, kuma muna da dutsen a gefen gari. Shawarata ita ce ki ware kwana biyu, Juma'a zuwa Lahadi, ki kai yara Zariya su fara koyon hawan dutse a Kufena.

Me ya sa Zariya?

Daga Kaduna kimanin kilomita 80 ne, daga Kano kuma wajen 150, don haka in an fita da safe ana isa kafin sallar Juma'a. Garin yana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, shi ya sa sanyinsa ke da kaifi. Tsakanin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, rana na ɗagawa kuma a ji ɗumi. Babu ruwan sama da zai sa dutse santsi, babu zafin Maris da Afrilu mai kayar da babba balle yaro. Ga kasuwa, ga masauki a Sabon Gari da Samaru, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika in wani abu ya taso, Allah ya kiyaye.

Kafin a ɗaure kaya

A nan zan yi miki magana da bakin ma'aikaciyar jinya. Ki tsara tafiyar daidai ƙarfin wanda ya fi rauni a cikin yaranki, masu ƙarfin za su bi.

Yaro mai sikila, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani su ne ke tayar masa da ciwo, kuma ukun nan duk suna kan dutse a hunturu. Ki fara kai shi wurin likitansa. In an yarda ya yi tafiyar, ya tsaya a gindin dutse cikin rigar sanyi, da gorar ruwa a hannu. Mai asma kada a fita da shi sai da abin shaƙarsa a jakarki, wadda ke rataye a kafaɗarki, domin wanda aka manta a masauki ba ya maganin komai. Mai juna biyu da mai goyo ba hawa. Zamewa ɗaya da jariri a baya ta isa ta zama abin da ba a mantawa. Yaron da bai kai shekara shida ba shi ma wasan gindin dutse ya ishe shi. Wanda kuma ya kwana da zazzaɓi, a ɗage tafiyar gaba ɗaya, dutse ba ya gudu.

A jakar magani ki sa farasitamol na yara, filasta, bandeji, auduga, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, takunkumin hanci saboda ƙura, da man kaɗanya na leɓe da ƙafa. Kada ki manta da katin asibitin duk yaron da ke da ciwon da ake bi.

Juma'a: Sabon Gari

Ku sauka, ku huta, bayan la'asar ku shiga Sabon Gari. Layin dogo ne ya haifi wannan unguwa. A 1911 layin da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya kai Kano, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna kusa da tasha, kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka kafa rumbuna. Wurin da ake kira PZ har yau sunan ɗaya daga cikinsu ne, Paterson Zochonis. Ki nuna wa yara tsohuwar tashar jirgin, ki gaya musu akwai lokacin da wani siririn layi ke tashi daga nan har Jos, kafin a rufe shi a 1957.

Aikin yau shi ne takalmi. A kasuwar Sabon Gari, wurin 'yan gwanjo, ki nema wa kowa kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ke kama ƙasa. A gwada shi da safa, a taka a gani. Silifas da takalmin makaranta mai sulɓi ba su da wurin zuwa ranar Lahadi. Rigar sanyi kuma gara marasa nauyi guda biyu da mai kauri guda ɗaya, domin da rana ta yi sama za a so a cire ɗaya. A haɗa da hular sanyi mai rufe kunne.

Ke ma ki duba naki shirin. Zani da dogon hijabi mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa a kan dutse, iska kuma tana cika hijabin ta ja ki. Wando mai faɗi, riga har gwiwa, da hijabin da bai wuce gwiwa ba sun suturta ki, sun kuma bar ƙafarki ta yi aiki.

Kafin ku fito ki sayi lemo, ayaba, dabino da gyaɗa. Lokacin rake ne, ga shi nan jibge daga Maƙarfi da kewaye, amma a sha shi a ƙasa, ba a hawa dutse da abu a baki. Yara za su ji Zazzaganci a kunnensu, an ce "mota ya zo", su yi ta dariya. Ki bar su su yi, sannan ki tuna musu cewa su ma in suka buɗe baki a nan, su ne baƙi.

Gargaɗi ɗaya game da dare. Duk hunturu asibitoci na karɓar iyalan da suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Haka hayaƙin janareta in an ajiye shi kusa da taga. Ki ƙara bargo, ki sa wa yara safa, wuta ta kwana a waje.

Asabar: Samaru, ranar gwaji

Masu koyar da zamiyar ƙanƙara ba sa kai sabon shiga kan tsauni ranar farko, a ɗan gangare suke farawa. Ke ma haka za ki yi. Daga Kwangila ki ɗauki hanyar Sakkwato. A Palladan za ku wuce Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. In hazo bai yi yawa ba, yara na iya ganin ƙananan jiragen ɗalibai suna shawagi. Gaba kaɗan sai Samaru da babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a watan Oktoban 1962. Ku gaisa da masu gadi a ƙofa, ku faɗi abin da ya kawo ku.

Ki ajiye mota, kowa ya sa sabon takalminsa, ku taka na awa ɗaya a ƙarƙashin itatuwa. Ku ga dogon ginin hukumar jami'a, ku wuce ta Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, ku tsaya a sashen zane-zane inda sassaƙe-sassaƙen ɗalibai suke a fili. A nan ne a 1958, tun wurin yana kwaleji, wasu matasa irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta sauya zanen zamani a Najeriya. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa irin ginin gidajenmu. Kusa da jami'ar ne Cibiyar Binciken Aikin Gona take, wadda asalinta ya koma 1922. Irin masara da dawa da wake da gyaɗa da sunansu ya fara da SAM, daga nan suka fito, wataƙila har da na gonar kakansu.

Yayin da suke kallo, ke kuma su kike kallo. Wa takalmi ya ci wa dunduniya? Wa ya fara tari? Wa ya ce a ɗauke shi bayan minti ashirin? Wa ke gudu gaba ba ya jin kira? Abin da kika gani yau shi zai gaya miki wanda zai hau gobe da wanda zai zauna. In kun gangara wajen madatsar ruwan Kubanni, a tsaya nesa. Ba wanka, ba wasa da ruwa, saboda nutsewa da kuma tsargiya.

Lahadi: Kufena

Daga Kwangila ki bi babbar hanya ta wajen Kaduna zuwa Ɗanmagaji, ki shiga Wusasa. Dutsen za ki gan shi tun daga nesa. In kuwa hazo ya rufe shi har ba ki ganin kansa sosai, ranar ba ta hawa ba ce, musamman ga mai asma.

Kufena tsohon mazauni ne. Mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin Zazzau ya kai yadda aka san shi, har yanzu akwai burbushin ganuwa a kewayensa, kuma tarihin baka yana haɗa wurin da Bakwa Turunku da Sarauniya Amina. Wusasa kuma gari ne na Hausawa Kirista, ga cocin Saint Bartholomew da aka gina da ƙasa wajen 1929, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Safiyar Lahadi za ku ji ana ibada da Hausa. Ku wuce cikin natsuwa, ku yi sallama, ku nemi wani ɗan gari babba ya raka ku, a yi jinga tun a ƙasa. Shi ya san gefen da ya fi sauƙi da inda ba a bi. Ki kuma tambayi mai masaukinki halin da wurin yake ciki a makon, kada ku je ku kaɗai.

A fara wajen ƙarfe tara, sanyin asuba ya karye, a sauko kafin sha biyu. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, kuma babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara biyu. Taku gajere, tafin ƙafa duka a kan dutse. A guji busasshiyar ciyawa da tsakuwa, su ne masu zamar da mutum. Ba a sa hannu cikin rami ko tsagar dutse saboda maciji da kunama. Duk minti goma sha biyar a tsaya a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi, domin iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da an ga gumi ba. Hoto sai an zauna, nesa da baki.

Tun a ƙasa ki sanar da doka: inda mafi ƙanƙanta ya gaji, nan ne ƙarshen hawan yau. Ko rabi kuka kai, ku zauna ku ɓare lemo, ku dubi gari a shimfiɗe, gonaki da rufin kwano da hanyar Kaduna kamar zare. Sannu ba ta hana zuwa.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin ƙafa ta gaji ga kuma ɗoki. Ba gudu. Inda ya yi gangare sosai a juya gefe, ko a zauna a ja jiki a hankali. Yara za su ce ga zamiyar tasu ta samu. In an gurɗe, a ɗaure da bandeji, a daina takawa. In an bugu a kai har aka yi amai ko suma ko barci ya rinjayi yaro, sai asibiti nan take. Saran maciji ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau, a hana wurin motsi a garzaya asibiti.

Batun kuɗi da komawa gida

Ki raba abin da kika tanada kashi huɗu: mota, masauki, abinci da takalma, sai kashi na huɗu da ba a taɓawa sai larura. In kuna da 'yan'uwa a Samaru ko Tudun Wada, kin rage kashi guda, kin kuma sada zumunci. In kun haɗa da wata maƙwabciya da nata yaran, kuɗin mota ya ragu, idon da ke kan yara ya ƙaru. Ku ci abincin rana, ku yi azahar, ku kama hanya, magariba ta same ku a gida.

Kada ki ce ke mai tsaron jaka ce a gindin dutse, in dai lafiyarki ƙalau kuma akwai mai kula da ƙanana. 'Yarki mai shekara goma tana kallonki. In ta ga Umma ta ɗaure takalmi, ta yi haki, ta huta, ta ci gaba, ta koyi abin da babu wayar da za ta koya mata. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.