Kalmar "Noise" da Kunnen Mai Sauraro

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ɗan makaranta ke fara cin karo da su, da wuya a sami wadda ta kai "noise" ban tsoro. Ingilishi ya aro ta ne daga Faransanci, kuma masana da dama suna danganta ta da kalmar Latin mai nufin tashin zuciya irin na matafiyin jirgin ruwa. Ke nan tun asali da ƙyama a cikinta.

Shi kuwa Bahaushe rarrabe sauti yake yi. Jirgin ƙasa, wanda ya isa Nguru a 1930, ƙara yake yi, kasuwar Gashuwa hayaniya, hadarin damina rugugi, ganga amo, masunta a bakin kogin Yobe kuwa kuwwa suke yi wa juna. Bature na iya tattara duk waɗannan cikin kalma guda muddin sun dame shi. Masana sadarwa ma, tun daga aikin Claude Shannon na 1948, da wannan suna suke kiran duk abin da ya gurɓata saƙo, ko da ba sauti ba ne.

Ni dai a aji na san ta. A firamaren da na yi a Nguru, in malami zai fita sai ya umarci monita ya rubuta sunayen masu "noise". Yaron da ya ɗaga murya da guntun Turancinsa ba kasafai sunansa ke shiga takarda ba, amma wanda ya yi raɗa da Hausa ko Manganci ko harshen Bade sai ya sha bulala. Ashe harshen ake hukuntawa, ba muryar ba.

Sai dai kada mu manazarta Hausa mu yi saurin wanke hannu. Ashe ba Hausa ce ke kiran maganar da ba ta fahimta "gwaranci" ba? A Gashuwa yaran Bade da yawa bakinsu ya fi sakewa da Hausa a kan harshen iyayensu. Yaron da aka yi ta nuna wa cewa maganar kakarsa surutu ce, wata rana zai daina yin ta, tatsuniyoyinta da sunayen kifayen kogi su bi ta kabari.

Tun 2013 Gashuwa ta sami jami'ar tarayya. Ya kamata ɗalibanmu su shiga ƙauyukan Bade da na Mangawa da na'urar ɗaukar magana, su zauna gaban tsofaffi, su kasa kunne tun da sauran masu faɗa.