Daga Funtua zuwa Malumfashi da waya mai magana

Kaka ta yi, hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta cika da manyan motoci masu dakon masara da waken soya. A motar hayar da na shiga, kusa da ni wani dattijo ne makaho, dillalin hatsi, wayarsa manne da kunne. Manhajar TalkBack ce ke karanto masa saƙonni, da saurin da ni mai ido ban tsinci komai ba.

Mun wuce Bakori ya taɓo ni. "Ɗana, duba mini wannan abu, ya gagare ni." Shafin rajistar tallafin taki ne. Duk inda ya ɗora yatsa sai wayar ta ce maɓalli, ba ta faɗi na mene ne ba. Na ce, "Baba, bari mu sauka."

A Malumfashi muka shiga wani shagon kwamfuta kusa da tasha, janareta na ruri a ƙofa. Na saka adireshin shafin a WAVE, manhajar bincike ta kyauta ta cibiyar WebAIM da ke Amurka, wadda ke auna shafi da ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, da aka fara fitarwa a 1999. Nan take jajayen alamu suka bazu: hotuna babu bayani, guraben cikewa babu suna, rubutu dishi-dishi. Ba wannan shafi kaɗai ba ne, don tun 2019 WebAIM ke auna shafuka miliyan ɗaya duk shekara, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na faɗuwa.

Sai dai abin da ya fi ci wa Baba tuwo a ƙwarya, WAVE ba ta ce uffan a kansa ba. An rubuta bayanin da Hausa, amma a cikin shafin an yi masa lamba a matsayin Turanci. Ita dai ta ga akwai lamba, ta wuce. Wayar kuwa ta dinga tauna Hausar da bakin Bature, ƙ da ɗ duk sun narke. Baba ya yi dariya: "Wannan ko Gwari ya fi shi." Ga lambar sirri da ke mutuwa kafin sabis ya kawo ta.

A garin nan akwai makarantar kurame ta gwamnati. Su kuma matsalarsu bidiyon sanarwa ne marar rubutu a ƙasa, kuma manhaja ba ta iya tantance ko rubutun, in ma akwai, ya dace da maganar. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara. To, ofishin yanzu ya koma cikin waya.

Yaron shagon ne ya cike wa Baba fom ɗin, bayan ya karɓi lambarsa ta NIN da kuɗin aiki.