Maƙwabtanmu Na Cikin Silin

Shekarar da warin kashin jemagu ya hana mu sakat a ɗakin malamai, shawara muka yi muka kira kafinta. Ya jira har suka fita kiwo bayan magariba, sannan ya hau ya toshe duk wata kafa da ke tsakanin kwano da bango. Muka kwana muna murna.

Ba a yi mako guda ba sai wari ya ninka. Ashe lokacin goyo ne, mun rufe 'ya'yan da ba su iya tashi ba. Allah Sarki, iyayen sun yi dare biyu suna kewaya ginin, daga bisani suka tare a rufin laburare, kashinsu na zuba bisa littattafai. Wato an gudu ba a tsira ba.

Wannan ne ya sa muka fara lura da su. Jemagen gari ba gida ɗaya gare shi ba. Ya san rufi da dama a unguwa, kuma yana sauyawa bisa dalili. Babban dalilin shi ne zafi. A watan Afrilu, idan kwano ya ɗau wuta, sai su gangara cikin tsagar bango, ko su koma ginin da darbejiya ta yi wa inuwa. Masu goyo kuwa ɗumi suke nema, domin ɗan jemage kusan tsirara ake haifarsa, kuma a ɗumi ya fi saurin girma.

Akwai kuma ƙwari masu shan jini, dangin kuɗin cizo da kaska. Idan suka yi yawa a makwanci, tashi ne magani. Haka nan fitilar da ta haske bakin kafa tana jinkirta fitarsu, alhali kuwa da almuru ƙwarin da suke ci suka fi yawa. Hayaƙi da bugun guduma su ma suna tayar da su.

To, da mun san haka da mun yi haƙuri har 'ya'yan su yi fiffike kafin mu toshe. Yanzu muna gaya wa ɗalibai kada su taɓa jemage da hannu, kuma a yayyafa wa kashin ruwa, a rufe hanci, kafin a share. Laburaren kuwa sai da muka ƙirga makonni kafin muka sake kiran kafinta. Allah Ya yafe mana na farko.