Abin da wani makahon kare ya tono mini a Nsukka

Wannan rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Kuma tun kafin wani ya yi mini caa: e, zan yi maganar kare, zan kuma yi maganar gidanmu a rubutu ɗaya. Ba wai na daidaita su ba ne, Allah Ya kiyaye. Ku dai bi ni a hankali.

Waɗanda suka san ni sun san a Enugu aka haife ni, a Ama Hausa. Kakanmu ne ya zo da shanu daga ƙasar Katsina tun kafin yaƙin basasa, ya gudu gida a 1966, aka gama yaƙi a 1970 ya sake dawowa. Ina jin yaren Ibo kamar yadda nake jin Hausa, in na je Katsina ma ɗan Ibo suke ce mini. Yanzu ina aji biyar a fannin likitancin dabbobi a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Baba ya yarda da kwas ɗin nan ne saboda shanu, a tunaninsa zan gama in zo Gariki ina duba masa bijimai. Ba wanda ya faɗa masa cewa yawancin abin da ake kawowa asibitin dabbobi a nan kudu karnuka ne. Ranar da na fara riƙe kare a firaktikal, wallahi sai da na wanke hannu har abokaina suka tambaye ni ko fatar nake so in cire.

To, makonnin baya wata mata ta kawo wani ɗan ƙaramin farin kare mai ɗigon ruwan ƙasa a fuska. Ɗanta ne ya kawo mata shi daga waje. Shekararsa biyar. Idonsa ɗaya ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa hazo, yana ta zubar da hawaye, in ya taka sai ya yi karo da ƙafar kujera. Matar tana ta rantsuwa ba a buge shi ba, bai faɗi ba, lafiyarsa ƙalau har shekaran jiya.

Malaminmu ya haska idon da 'yar tocila ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. A cikin ido akwai wani ɗan abu mai kama da gilashi da ke tattara haske, wasu siraran zarurruka ne ke riƙe da shi ta ko'ina. A wannan karen zarurrukan sun tsittsinke, gilashin ya zame ya faɗo gaba, ya toshe hanyar da ruwan ido ke bi ya fita, ruwa ya taru ya matse idon. Ciwo ne mai raɗaɗi, in ba a yi aiki da gaggawa ba idon ya tafi. Ya ce ɗaya idon ma a sa masa lura, domin yawanci in ɗaya ya yi, ɗayan na tafe.

Sannan ya tambaye mu, wane iri ne wannan karen? Jack Russell. Yana cikin dangin karnukan da ake kira teriya, waɗanda Turawan Ingila suka kiwata don su shiga rami su fito da yanyawa ko su kashe ɓeraye. Sunansa ma na wani limamin coci ne, John Russell, mai son farauta, a ƙarni na 19. Don a samu kare mai siffa ɗaya da hali ɗaya, sai masu kiwon suka riƙa haɗa dangi da dangi shekara da shekaru. Siffar ta zauna, amma ba ita kaɗai ta zauna ba. Kusan kowane reshe na teriya akwai ciwon da ya gada. Farin Bull Terrier ana yawan haifarsa kurma, shi ya sa ake manna wa kwikwiyo wasu 'yan wayoyi a kai a ga ko ƙwaƙwalwarsa na amsa sauti. Bedlington jan ƙarfe ne ke taruwa masa a hanta har ya lalata ta. Staffordshire yana yin yanar ido tun yana ƙarami. Shi kuma Jack Russell da wasu 'yan uwansa, wannan zamewar gilashin ido, wadda kan fito tsakanin shekara 3 zuwa 8, lokacin da karen ya riga ya hayayyafa ba wanda ya sani.

A 2010 masu bincike a Amurka da Ingila suka wallafa cewa sun gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta. Daga nan abu ya yi sauƙi. A goga auduga a cikin kumatun kare, a aika ɗakin gwaji, sakamako ya dawo ɗaya daga cikin uku: ba ya ɗauke da ita, ko yana ɗauke da guda ɗaya, ko ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai biyun shi ne ke cikin babban haɗari.

Malam ya juya ga allo ya zana akwati ya raba shi gida huɗu. Ya sa mai ɗauke da ɗaya a sama, ya sa mai ɗauke da ɗaya a gefe, ya fara cike gidajen. Kafin ya kai na huɗu wata 'yar ajinmu ta ce daga baya, ai wannan AS da AS ne! Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce lissafin ɗaya ne sak.

Ni ban yi dariya ba. Gidan nan na huɗu na san shi. A ɗaki ɗaya muka kwana shekara goma sha shida.

Mu shida Inna ta haifa, biyu masu sikila. Yayana na farko, da kuma autarmu. Inna ta ce Yaya yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, yana ta tsala ihu ba a san dalili ba. Kakarmu ta ce amosani ne, wata ta ce iska ce, maƙwabtanmu Ibo suka ce ogbanje ne, yaron da ke zuwa ya koma, abin da mu muke kira ɗan wabi. An sha rubutu, an yi turare, an yi tsaga. Sai da ya kai shekara huɗu aka gwada jininsa a asibiti aka ce SS. Ranar ce Baba ya fara jin kalmar jinotayif a rayuwarsa, yana da 'ya'ya biyu, Inna na da cikin na uku.

Duk wanda bai zauna da mai sikila ba, ba zai gane ba. Ƙwayar jinin lafiyayye tana yin kwana 120 a jiki, tasu kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa kullum jini bai isa ba, idanu rawaya. In sanyi ya buga, ko zazzaɓi, ko jiki ya rasa ruwa, sai ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje su maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Yaya yakan ce kamar ana buga masa ƙusa a cikin ƙashi. Mu a gidanmu in hadari ya haɗu ba murna ake ba, Inna ruwan zafi take ɗorawa. Na san kwanan benci a asibiti, na san yawon neman ledar jini da ƙarfe biyun dare, na ga Baba ya sayar da sa biyu a mako ɗaya a farashin da bai kai ba. Yaya ya rasu yana da shekara 19, da hunturu, saura wata biyar ya rubuta jarabawar gama sakandare. Allah Ya jiƙansa. Auta tana nan, shekararta 13, kullum da ƙwayoyinta da gorar ruwanta, ga ta da surutu kamar rediyo.

Ni AS ne. Na sani tun lokacin rajistar shiga jami'a, da aka ce kowa ya kawo sakamakon gwajin lafiya. Na karanta takardar na jefa a fayil. Kun ga abin kunyar ke nan: ɗalibin kimiyya, wanda ya binne yayansa, ya san shi AS ne tun aji ɗaya, amma bai taɓa bari tunaninsa ya kai ƙarshen lissafin ba.

Domin akwai maganar 'yar Kawu a Onitsha. Kawu ƙanen Inna ne, yana sayar da albasa da busasshen kifi. Tun muna yara ake tsokanarmu, wasa-wasa magana ta zama gaske, bara manya suka zauna aka ce in na gama karatu. Kuma kada wani ya ce dole aka yi mana. Ina son ta, tana so na. Duk hutun semesta sai na san yadda na ƙirƙiro saƙon da zai kai ni Onitsha.

Mu da ke zaune a kudu auren zumunci ya fi mana yawa, ba don komai ba sai don mu 'yan kaɗan ne. Daga Enugu a ba Onitsha, daga Onitsha a ba Fatakwal, a juyo Obollo-Afor, in ka bi salsala duk jikokin mutum uku ne ko huɗu. Amma a gyara wani abu da nake yawan ji: ba auren zumunci ne ke ƙirƙiro sikila ba. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, saboda mai AS ya fi jure wa mummunan zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa abin ya yaɗu a ƙasashenmu. Kana iya auro wadda ba ku haɗa komai ba ku dace AS da AS. Ana ƙiyasta jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu. Abin da zumunci ke yi shi ne ƙara yiwuwar, domin in kaka na da ita, ta raba wa kowane ɓangare. Inna AS ce. To ƙanenta fa?

Daren nan ban yi barci ba. Abokin ɗakina, wani ɗan Abakaliki, ya ga ina ta juyi ya tambaye ni, na faɗa masa. Mamaki ya kama shi. Ya ce su coci-coci da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar jinotayif, kuma shi yanzu ko lambar yarinya zai karɓa sai ya sako tambayar cikin wasa. Na ce masa mu ma Kano ta yi doka a watan Mayun 2024, dole a yi gwaji kafin aure, har da jinotayif. Ya ce to a nan Ama Hausa wa zai tambaye ku? Na yi shiru, domin gaskiya ya faɗa. Dokar Kano ba ta hawo motar Enugu ba.

Washegari na kira ta. Ta yi dariya ta ce Yaya kwantar da hankalinka, ni AA ce, ta turo mini hoton takarda daga wani ɗan ƙaramin ɗakin gwaji na unguwa, tun tana sakandare. Na yi hamdala, na ci abinci. Sai dai mu da muke shiga ɗakin gwaji mun san yadda ake samun kuskure: sinadari ya tsufa, wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a musanya kwalabe, wani wurin ma a rubuta maka abin da kake son ji. Na roƙe ta ta sake a babban asibiti. Ta yi fushi kwana biyu, ta ce ko hanyar guduwa nake nema. Daga baya ta je. AS. Muka sake a wani wurin na uku. AS.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini. Cewa ɗaya ne kawai cikin huɗu, ku haifi uku ku tsaya. Ba haka lissafin yake ba. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, na farko bai san da na biyu ba. Mu shida ne aka samu biyu, na san gidan da 'ya'ya uku a jere duk SS. Wani kuma ya ce mini ina tawakkali? Na ce masa wanda ya ga rijiya da rana tsaka ya taka, ba tawakkali ya yi ba. Kuma ba ni zan ji ƙusar a ƙashi ba, wani ne da bai zo duniya ba tukuna.

Akwai wani abu da malam ya faɗa ranar da ban kula ba sai daga baya. Ya ce masu kiwon teriya ba sa yar da mai ɗauke da guda ɗaya, domin in aka cire su duka irin zai ƙara tsukewa, wasu cututtukan su fito. Haɗa shi kawai ake da wanda ba ya ɗauke da ita, sai a rasa gida na huɗu gaba ɗaya. Ina faɗar wannan ne saboda yadda na ga ana yi wa 'yan mata masu AS a makaranta, ana raɗa kamar wata annoba gare su. AS lafiyayye ne, in ya auri AA ba za su haifi SS ba. Mai SS ma tana aure, tana karatu, akwai su a jami'ar nan suna fin mu maki. Duk wanda ya kalli Auta ya ce mata gawa-ta-ƙi-rami, ni da shi ne.

Na je gida ranar Juma'a, na bi ta Opi zuwa 9th Mile ina ta haɗa kalmomin da zan faɗa wa Baba. Bayan isha'i na zauna na miƙa masa takardun uku. Ya juya su, ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, yanzu da wane baki zan kalli kawunka? An riga an ci goro.

Inna na bakin ƙofa, ashe tana ji. Ban taɓa ganin ta sa baki a maganar Baba ba sai ranar. Ta ce, Malam, bar mini wannan. Ƙanena ne, shi ya riƙe mini fitila daren da aka wanke yaron nan. Ni zan je Onitsha.

Ta je ranar Lahadi, ta kwana biyu. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ita ma ba ta faɗa ba. Kawu ya kira ni ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, muryarsa ba daɗi. Matarsa har yau ba ta amsa gaisuwata. Ita kuwa 'yar Kawu saƙo ɗaya ta turo, ta ce ta kai ƙannenta huɗu an gwada su, biyu AS, kuma in daina kiranta na ɗan lokaci. Na daina. Lambar tana nan, nakan buɗe in rufe.

Matar nan ta dawo da karenta shekaran jiya, an cire idon da ya lalace, ana ɗiga masa magani a ɗayan. Ni aka ce in riƙe shi. Ranar Litinin muna da gwaji a kwas ɗin, kuma na tabbata akwatin nan zai fito.