Ɗan Hausa da Sukudireba

Akwai wata ba'a da 'yan'uwanmu na sashen injiniya suka daɗe suna yi mana, mu masu nazarin Hausa. Wai in fitila ta mutu a ɗakinmu, sai dai mu zauna cikin duhu muna yi mata karin magana. Da can nakan yi dariya in wuce. To amma abin da ya same ni a hutun azumin da ya wuce ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwa labari.

Tun rasuwar mahaifinmu, yayata ce ke ɗauke da nauyin karatuna. Sana'arta gasa kek da biskit, jarinta kuwa wani obin ne na lantarki, na hannu, da ta sayo a kasuwar Sabon Gari. A goshinsa akwai ɗan gilashi mai nuna lokaci da jajayen lambobi. Tun farkon azumi lambobin nan suka soma dushewa, wani lokaci su yi ta ƙiftawa. Ana saura kwana shida Salla sai suka ɗauke ɗungurungum, obin kuma ya ƙi yin zafi. Ga shi Yaya ta riga ta karɓi kuɗin mutane na kek ɗin Salla, a cikin ribar kuma ake sa ran biya mini kuɗin rajista.

Aka kirawo mai gyara. Ya leƙa sama-sama, ya ce fanel ya ƙone, sai an yi saƙon sabo daga Legas, mako biyu, a kan kuɗin da ya kusa rabin na obin ɗin. Ran nan ko kunun shan ruwa Yaya ba ta iya shanyewa ba. Da na ce zan kwance in duba, sai ta ce, "Kai Auta, rufa mini asiri. Me ka sani ban da Hausa?" Na ce, "Yaya, wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi." Ta yi shiru, ta miƙo mini sukudireba.

Na fara da zare filogi daga soket, domin wutar gidajenmu bolt 230 ce, ba ta san ɗalibi ba. Kowace waya sai na ɗauki hotonta kafin in cire, kusoshin kuwa na tara su a murfin kwano. Na ciro wani koren allo da bai fi tafin hannu ba. Na juya shi, na shinshina, ban ga ƙuna ba, ban ji ƙauri ba. A nan ilmina ya ƙare, sai na naɗe shi a hankici na nufi rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin unguwarmu.

Ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Samari, ka ga wannan mai kama da 'yar gwangwani? Shi ne kwandansa, wato randar wuta. Wutar gida kai-komo take yi, sau hamsin a daƙiƙa guda, allon nan kuwa ba ya son wuta sai mai natsuwa. To shi ke tara ta, in ta yi ƙasa ya cike gurbin. A cikinsa akwai ɗan ruwa-ruwa, zafin obin ne ya ƙafar da shi. Lafiyayye kansa a shafe yake, dubi yadda naka ya kumbura." Ya kuma gaya mini cewa a kan allon ne makunnin da ke sakar wa ƙarfen gashi wuta yake, shi ya sa mutuwar lambobi ta tafi da zafin.

Na ce, "To Baba, a taimaka a canja mini." Ya ce faufau, wanda ya kwance shi zai ɗaura. Ya nuna mini lambobi biyu a jikin kwandansan, 470 da 25. Ya ce ta farko dole ta zo daidai, ta biyu kuwa tana iya fi, amma kada ta gaza. In nemi mai ɗauke da 105, kada in karɓi mai 85, don ya fi jure zafi. Ƙafa mai tsawo da gajera kowace da raminta, in aka juya su fashewa zai yi. Ya kuma ja kunnena da cewa kada wannan ya ruɗe ni in buɗe injin ɗumama abinci, domin kwandansansa kan riƙe wajen bolt 2,000, yana iya kisa ko an zare filogi.

Kuɗin sabon bai kai na kwanon shinkafa a makaranta ba. Baba ya ba ni ƙarfen narka dalma da allon wani mataccen rediyo, na yini ina koyo, har na ƙone ɗan yatsa. Sai bayan la'asar ya yarda na taɓa na Yaya.

Da na mayar da kome na sa filogi, sai ga lambobi sun kawo jawur suna ƙiftawa. Yaya ta rangaɗa guɗa. Muka murɗa maɓalli, muka jira, obin sanyi ƙalau. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe irinsa ba ya gashi bayan yankewar wuta sai an saita masa agogo. Ina saitawa muka ji ƙas, ba a jima ba ɗumi ya taso. Kwana huɗu Yaya ta yi tana gashi, aka sallami kowa, ni kuma ga ni na yi rajista.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, dattijon nan ya karantar da ni aikin lantarki da Hausa tsantsa, na kuwa fahimta sarai. Mu muna aji muna muhawara ko harshenmu zai iya ɗaukar kimiyya, alhali masu gyara sun daɗe da ɗora masa ita a rumfunansu. Saboda haka ina kira ga Ƙungiyarmu da mu riƙa fita da littafi da biro zuwa wurin makanikai da masu walda da masu gyaran waya, mu rubuta kalmominsu da kwatancensu tun suna raye. Ni dai na fara, shafina na farko kuwa "randar wuta" ce a samansa.

Allah Ya saka wa Baba da Yaya da alheri, amin.