Ranar da Kwamfutar Ƙungiya Ta Ƙi Buɗe Mana

Yaron da ke riƙe mana da kwamfutar ƙungiya ya rasu bayan sallar layya, Allah ya jiƙansa, ya tafi da kalmar sirrin a kansa. A cikin wannan na'ura duk lissafin asusun jana'izar zangonmu yake, wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Ga kuma wata baiwar Allah mai takaba tana jiran haƙƙin mijinta, dattawa sun ce ba za su taɓa asusu ba sai sun ga rubutu.

Babu abin da ba mu gwada ba: sunan mahaifiyarsa, na garinsu, har na ƙungiyar ƙwallon da yake so. Shiru. Wani ya ce a kai kasuwa a wanke ta, alhali wankin nan da lissafinmu zai tafi.

Ana nan sai wata ɗiyarmu da ke jami'a ta zo hutu. Ta duba ta ce Ubuntu ce a ciki, dangin Linux ɗin nan da Linus Torvalds ya fara a 1991. Tsohuwar kalmar dai ba za a tono ta ba, in ji ta, domin abin da ke fayil ɗin /etc/shadow ba ita ba ce, wani dagulallen lissafi ne da aka yi da ita. Amma ana iya ɗora sabuwa.

Ta sake kunna na'urar tana danne da Shift har allon GRUB ya fito. Ta latsa e, ta je ƙarshen layin da ya fara da linux ta ƙara init=/bin/bash, sa'an nan Ctrl da X. Allo ya yi baƙi, ba wanda ya tambaye ta kalma. Da yake faifan a wannan hali karantawa kawai yake bari, ta rubuta mount -o remount,rw / kafin passwd da sunan asusun marigayin. Sabuwar kalma sau biyu, shi ke nan. Ko shayinmu bai huce ba.

Murnarmu ba ta daɗe ba, sai ma'aji ya ce, "To ɗiyata, ke nan ɓarawo ma haka zai yi?" Ta ce ƙwarai kuwa Baba, duk wanda ya zauna gabanta, sai fa in an kulle faifan da LUKS, kuma da yaron ya yi haka da lissafin nan ya tafi har abada. Muka yi ta gardama har la'asar. A ƙarshe muka sayo wa ofis kwaɗo, muka rubuta sabuwar kalmar a ambulan biyu, ɗaya wajen liman ɗaya wajen ma'aji. Washegari aka kai wa mai takaba kuɗinta.