Ƙaramin Ɗaki A Bakin Tashar Jiragen Ruwa Ta Marseille

Uwargida, idan Allah ya nufe ku da tafiya Faransa ke da maigida da yara, har kuka ce bari ku leƙa bakin teku, kada ki bari hoton katafaren ɗaki ya ruɗe ki wajen zaɓen masauki. Fara tambayar inda otal ɗin yake, kafin ki tambayi faɗin gadonsa.

Marseille nake nufi, birnin da ke bakin Bahar Rum a kudancin ƙasar, wanda Girkawa suka kafa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga Paris jirgin ƙasa mai gudu na TGV zai kawo ku cikin awa uku da 'yan mintoci, ya sauke ku a tashar Saint-Charles. Ƙofar tashar na da matakala 104, kuma daga samanta za ki hango gari shimfiɗe. Amma da akwatuna da goyo, ki haƙura da kallon, ku shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 1. Tsayawa ta biyu ita ce Vieux-Port, wato tsohuwar tashar jiragen ruwa. A lungunan da ke kewaye da ita ƙananan otal masu tauraro biyu suke, kuma nan nake ba ki shawarar ku sauka.

Gaskiya ɗakin ƙarami ne. Gado, teburi, taga mai murfin katako, sai banɗaki wanda in kin juya gwiwar hannunki za ta gaisa da bango. Na'urar hawa bene, in ma akwai ta, mutum biyu da akwati ɗaya sun cika ta. Ki kuma sani, abin da suke kira hawa na ɗaya shi ne saman na ƙasa. Buta kuwa babu, ki sako ƙarama a kayanki. Tun wajen kama ɗaki maigida ya faɗi yawanku har da yara, don ba sa yarda mutum huɗu su kwana a ɗakin mutum biyu, kuma ba abin da ya kai a tsayar da ku a gaban kanta da dare, yara na gyangyaɗi, ana neman ƙarin kuɗi. Akwai kuma ɗan harajin kwana da ake karɓa kan kowane babba, ban da 'yan ƙasa da shekara 18.

To me kuka saya da kuɗinku? Ƙafa. Da safe kina fitowa, ga masunta sun baje kifin da suka kamo a bakin ruwa, wani ma yana motsi. Kusa da su akwai wata rumfa ta ƙarfe mai sheƙi kamar madubi da aka kafa a 2013, yara za su yi ta ɗaga kai suna kallon kansu a kife. Daga nan kwale-kwale ke tashi zuwa tsibirin If mai tsohon kurkuku, tafiyar kamar minti ashirin. Ba tasi, ba jiran kowa. Yaro ya gaji ko ya ɓata kaya, minti biyar kin koma ɗaki.

Karin kumallon otal kuɗinsa daban, kuma burodi ne da man shanu da gahawa, ba zai riƙe cikin maigida ba. Ni dai gara ki haura titin Canebière zuwa unguwar Noailles. Can kasuwa take ta mutanen Aljeriya da Tunisiya da Komoros da sauran 'yan Afirka: mahauta masu naman halal, dabino, zaitun, kayan yaji, gurasa da zafinta. Sai dai ki riƙe jakarki a gaba, cunkoso ne. Tsarabarki ma na nan, sabulun Marseille mai kusurwa huɗu, wanda ake buga wa hatimin 72%, wato yawan man da ke cikinsa.

Aibin wurin ɗaya ne, hayaniya. Gidajen abinci ba sa tashi da wuri, musamman a Yuli da Agusta, lokacin da kuɗin ɗaki ma ke hawa. Ki roƙi ɗakin da tagarsa ke kallon bayan gida. Ba za ki ga teku daga gado ba, amma yara za su yi barci. Ki kuma sako musu rigunan sanyi ko da bazara ce, don akwai iskar da suke kira mistral, in ta taso daga arewa sai kin riƙe mayafinki da hannu biyu.